Tsibirin Komoros: wa ya taɓa zuwa? Hawan dutse da shiga ƙarƙashin teku nike so

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah shawara nike nema. In Allah ya yarda bayan biki ina son in ɗauki amarya mu tahi Komoros, tsibiran nan da ke tsakanin Mozambik da Madagaska, na zaɓe su ne saboda ƙasar musulmi ce ba sai mun tsaya tambayar wa ya yanka nama ba, kuma ance a filin jirgi ake buga biza. Abu biyu ne a raina, ina son in hau dutsen Kartala in leƙa ramin da wuta ke hitowa da idona, sannan in goya tukunyar iska in shiga ƙarƙashin teku in ga murjani da kunkuru, wlh tun ina yaro abin ke raina. Iyo na iya daidai gwargwado, a dam ɗin Ajiwa na koya, ita kuwa amarya bata taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Wane wata ya hi dacewa, ta ina ake bi daga Katsina, kuma da mi zan fara?

Mai Turare:

Wa'alaikumussalam ango, Allah ya sanya alheri ya bada zaman lafiya. Ni harkar kanumfari da man turaren ilan-ilan ce ta kai ni can. Hanya mafi sauƙi ka shiga mota zuwa Kano ka hau Ethiopian Airlines zuwa Adis Ababa, daga nan ka canja jirgi zuwa Moroni babban birnin ƙasar, filin jirgin yana Hahaya arewa da gari. Maganar biza gaskiya ne, amma ka riƙe tikitin dawowa da takardar otal da katin rigakafin shawara a hannu. Kuɗi kuma ka canja yuro tun daga gida, faran ɗinsu a ɗaure yake da yuro, yuro ɗaya wajen faran 492 ne baya hawa baya sauka, kar ka dogara da kati dan wurin cire kuɗi kaɗan ne kuma wuta na ɗaukewa.

Lokaci kuwa ka guji Nuwamba zuwa Afrilu, damina ce da zafi da guguwar teku, a Afrilun 2019 guguwar Kenneth ta yi masu ɓarna ba kaɗan ba. Yuni zuwa Oktoba ya fi.

Moroni ƙaramin gari ne, a ƙafa za ku zaga tsohuwar unguwa, lunguna ne matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa, ga tsohon masallacin Juma'a fari fat a bakin tashar jiragen ruwa wanda asalin gininsa tun 1427 ne. Shafi'iyya ne su, za ka ji liman na bayyana bismillah kafin Fatiha. Faransanci ko larabci kaɗan zai fisshe ka, turanci bai cika aiki ba.

Kartala kuma ɗan uwa ba dutsen wasa bane, tsayinsa mita 2,361 kuma yana raye, a 2005 sau biyu yayi aman, toka ta sauka cikin tankunan da mutane ke tara ruwan sama har ruwan sha ya gagara, dan shi tsibirin Ngazija, inda Moroni da Kartala suke, bashi da kogin da ke gudu duk shekara, dutsen ƙasar shanye ruwa yake yi. Kar ka hau babu ɗan jagora, kuma ka tambayi halin da dutsen ke ciki a satin. Da asubar fari ake kama hanya, sai ka ratsa gonakin ayaba ka shiga daji mai laima da hazo, can sama itatuwa su ƙare sai baƙar toka da ƙonannen dutse mai yanka takalmi, ramin kansa faɗinsa ya kai wajen kilomita 3 da 4. Masu ƙarfi na hawa su sauko rana guda amma ni dai shawarata ka kwana a hanya. Ka tafi da rigar sanyi da ruwa mai yawa da kambas mai kaurin ƙasa.

Injiniya Dutsinma:

Alhaji Mai Turare ya gama maganar tudu, bari in kama ta ruwa dan ni a Masar na koyi nutso lokacin ina karatu, a Bahar Maliya. Ƙanena abu ɗaya nike so ka riƙe ko da ka manta sauran, dutse farko ruwa daga baya. Kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashin teku yau gobe ka hau Kartala.

Ga dalili. Abin da ke cikin tukunyar nan ba oksijin zalla bane yadda mutane ke zato, iskar da muke shaƙa ce aka matse, kuma kusan kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. In kana ƙasa nauyin ruwa na tura naitirojin ɗin cikin jininka da namanka, bayan ka hito yana buƙatar awoyi kafin ya fice a hankali ta numfashi. In ka yi gaggawar hawa inda nauyin iska ya ragu, jirgin sama ne ko kan dutse, sai ya tashi kumfa a cikin jini kamar kwalbar lemo da aka ɓalle da sauri, daga nan sai ciwon gaɓoɓi, jiri, mutuwar ɓarin jiki, wani ma har rai. Ƙa'ida aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in ka jera nutso da yawa, malaman da suka koya min cewa suke ka cika 24 kawai hankali kwance. Kowa na tuna wannan ƙa'ida dan jirgi amma a manta dutse, alhali mita 2,361 ba ƙaramin hawa bane. Saboda haka ka hau dutsenka, ka huta kwana ɗaya ka sha ruwa sosai gajiya ta sake ka, sannan ka shiga teku, ranar ƙarshe kuma ka bar ta dan kasuwa da tsaraba.

Maganar iyon Ajiwa, ba raini ba amma teku daban ne, akwai igiya da ruwa mai ja ta ƙasa. Kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso ta bada takardar shaida, sai ka yi iyon mita 200 ba tsayawa kuma ka tsaya saman ruwa minti 10, in ka ci ka samu takardar da ke baka damar sauka har mita 18. In baka da lokacin kwas akwai na gwaji, malami na riƙe da kai kuma baku wuce mita 12, ni a ganina ma shi ya fi dacewa da kai, murjani da ƙananan kifaye masu launi duk a ruwa mara zurfi suka fi haske. Tun yanzu ka nemi wurin wanka na otal ka dinga auna kanka.

A ƙasa kar ka taɓa riƙe numfashi, iskar da ka shaƙa a zurfin mita 10 ninki biyu take kumbura kafin ka iso sama, huhu na iya yagewa. Kunne zai fara matsa maka tun mitocin farko, ka toshe hanci ka hura a hankali kafin ciwo ya zo, in ya ƙi ka ɗan hau sama ka sake gwadawa, in kana mura ka haƙura ranar. Wajen hitowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5. Kuma masu wannan sana'a basu da yawa a Komoros, ka tuntuɓe su tun kana gida, ka nemi ganin takardar malamin, ka tambaya ko suna ɗaukar oksijin na gaggawa a kwale-kwale da kuma inda na'urar jinyar masu nutso mafi kusa take. Wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan kar ka bashi ranka.

Yar Daura:

Allah ya kaimu biki lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da ya ɗaga min hankali naga ba wanda ya ambaci sikila. Mai SS baya nutso da tukunya kwata-kwata, mai AS ma sai ya ga likita ya faɗa masa abin da zai yi, har da hawan dutsen, haka mai asma ko farfaɗiya ko ciwon zuciya. Mai juna biyu ma ba a yarda ba, ko da zato ne ake. Akwai maleriya a Ngazija, ku tafi da gidan sauro da man shafawa. Kuma dan Allah yaya kar ka matsa wa baiwar Allah ta shiga teku dan kai kana so, in ita ta nuna sha'awa a sa mata rigar ceto da gilashin fuska mai bututun numfashi ta kwanta saman ruwa kusa da gaɓa, ana samun rigar iyo mai rufe jiki duka har kai, ku saya kafin ku tashi.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Kai ngd sosai, Allah ya saka da alheri. Injiniya wlh da so nike in fara da ruwa in rufe da dutse, yanzu na juya tsarin. Anti mun yi gwajin jini dukanmu AA ne alhamdulillah. Saura kunkuru, a Ngazijan ake ganinsu ko sai an ƙetara?

Mai Turare:

Kana iya dacewa da ɗaya a ruwan Ngazija amma gidansu Mwali ne, ƙaramin tsibirin da aka keɓe wani ɓangare na tekunsa a matsayin gandu tun 2001. A ƙauyen Itsamiya da dare suke hitowa bakin gaɓa, uwar ta haƙa rami da ƙafafun baya ta zuba ƙwai ta rufe ta ja jiki ta koma ruwa, yan ƙauyen ne ke gadi kuma su ke raka baƙi, ba a haska masu tocila ba a taɓa su. Daga Yuli zuwa Oktoba kuma manyan kifayen wel na zuwa haihuwa a wajen. Sai dai ango ƙetarawar ce abin dubawa, ƙananan kwale-kwale masu inji ne ke tashi daga Shindini a kudancin Ngazija kuma sun sha kifewa da mutane, in akwai ƙaramin jirgin sama ranar ku bi shi, in ba shi to da sassafe kafin iska ta taso, da rigar ceto a jikinku tun daga gaɓa, in kaga an cika lodi ka riƙe hannun amarya ku sauka ku jira na gaba. Kuma ka bar kwana biyu tsakanin dawowa daga Mwali da jirginku na Adis, dan teku na iya hana tashi.