Jijiyar gwiwar Baba ta tsinke bayan an sa masa gwiwar ƙarfe, ina za mu nufa?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum 'yan uwa. Bara aka sauya wa mahaifinmu gwiwar dama a Indiya. Satin jiya ya zame a bakin rijiya, yanzu ko kwance yake ba ya iya ɗaga ƙafar a miƙe, ƙoƙon gwiwar ma ya hau sama. Likita ya duba hoto ya ce jijiyar da ta haɗa ƙoƙon da ƙashin ƙwauri ce ta tsinke, sai aiki. Yana da ciwon suga. Yamai za mu kai shi, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko mu sayar da gona mu koma Indiya?

Hajiyar Zariya: Allah ya ba shi lafiya. Akwai maɗori a hanyar Tibiri, hannunsa da albarka.

Ma'aikacin Jinya: Hajiya, ba karaya ba ce, ɗori ba ya haɗa jijiya. Ɗan uwa, kada ku ɓata lokaci, naman cinya janyewa yake. A gwiwar da aka sauya ɗinki kaɗai yakan warware, shi ya sa ake ƙarfafa shi da jijiyar bayan cinya ko ragar roba irin ta aikin ƙaba. A fara tabbatarwa babu ƙwayar cuta a gwiwar, a saita sugan. Bayan aiki ƙafa za ta zauna a miƙe cikin filasta, wasu har wata uku.

Ɗan Mokoyo: Ɗinkin nan aka yi wa innata! Wani asibitin kuɗi, jaka 900 muka zuba. Ba a yi wata biyu ba ta yunƙura daga kan tabarma, muka ji ƙas. Muka koma, likitan ya ce laifinta ne. Tsohuwar da take zuwa kasuwa da ƙafarta, yau ni da ƙanwata muke ɗaukarta zuwa makewayi, tana kuka tana ba mu haƙuri. Zinarin matata ya tafi a nan.

Alhaji Direba: 900? An cuce ku. Maƙwabcina 400 ya biya.

Ɗan Mokoyo: Alhaji, naka gwiwar ƙarfe gare shi?

Hajiyar Zariya: To ga aikin likitocin naku. Shi mai jinyar nan ya taɓa riƙe wuƙar aiki?

Ma'aikacin Jinya: Ban taɓa ba Hajiya, amma ni nake wanke ciwon waɗanda suka dawo daga ɗori.

Yaron Sabon Gari: Ku kawo shi garejinmu, walda muke yi da garanti 😂

Ɗan Bagalam: Don Allah, Kano ko Yamai?

Alhaji Direba: In Kano ce ku shirya wa hanya. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya zuwa Katsina, shinge nawa ne? Mara lafiya na nishi a bayan mota, su ce a sauke kaya.

Ɗan Mokoyo: Ga 'yan canji kuma. Da safe farashin sefa daban, da la'asar daban, kai kuma asibiti na jiran naira.