Me za mu kira «formation à distance» da Hausa?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum ƴan uwa. Kalma nake nema, kuma Baba ne ya jawo. Na gama lisans ɗina na «droit», wato digirin farko a fannin dokoki, a Yamai shekarun baya, na dawo Damagaram na kama aiki, aure ya zo, yara suka biyo baya, zancen komawa aji ya bi ruwa. Yamai kilomita wajen 900 ce daga nan, wa zai bar iyali da albashi ya je ya zauna shekara 2? Bana dai na yi rajistar mastar kan dokokin kasuwanci a wata jami'a ta Dakar, irin wadda ake yi ta intanet. Da na je gaida Baba na shaida masa na koma karatu, ya sa albarka, ya ce yaushe ne tafiyar. Na ce babu tafiya. Ya ce to malamin ne zai zo? Na ce a'a. Ya dube ni ya ce, "Kai ba ka je ba, shi bai zo ba, a ina kuka gamu?" Na buɗe baki, ba abin da ya zo mini sai Faransanci. Tun watan Maris na 2025 aka rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa, ga ni na kasa gaya wa mahaifina sunan abin da nake yi kowane dare. Ku taimaka.

Bakano: Wa alaikumus salam. Ai mu nan an daɗe da gama wannan. Jami'ar NOUN ta Najeriya, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita, aka sake farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, jaridu suna kiranta jami'ar karatu daga gida. Ka ce wa Baba karatu daga gida kake yi, shi ke nan.

Ɗan Birni: Na gode Malam, amma ka san gidan Bahaushe kuwa? Ni ban taɓa karanta shafi biyar a jere a gidana ba. Wannan ya karɓi waya zai yi wasa, wancan ya zo gaisuwa, ga rezo sai ka hau soro. A biro nake zama bayan an tashi, daga la'asar har isha'i. In na ce daga gida, ƙarya na yi.

Ƴar Zango: Yaya, me ya hana ka ce karatun intanet? Kowane yaro ya san shi. Ko karatun yanar gizo in kana son Hausa tsantsa.

Tsohon Magatakarda: Ƴata, nan ne ba mu daidaita ba. Intanet jaki ne da ya ɗauko kaya, ba a sa wa kaya sunan jaki. Wannan karatu ya girmi intanet da fiye da shekara ɗari. Jami'ar Landan ta fara ba ɗaliban waje damar zana jarrabawarta tun 1858. Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu ta koma koyarwa ta wasiƙa a 1946, kuma ta nan ne Mandela ya kammala digirinsa na lauya yana tsare a kurkuku. Shi ba intanet, ba gida. A zamaninmu akwai ma'aikatan da ake aiko wa darasi a ambulan ta gidan waya, su yi aikin su mayar, su jira wata guda kafin gyara ya dawo da jan biro. Abin da ya haɗa su da kai, ɗana, shi ne malami yana can, ɗalibi yana nan. Kalmar da za mu zaɓa ta kama wannan, ta bar abin hawa, don abin hawa canzawa yake yi.

Ƴar Zango: To Baba, karatun allo fa? Ai allon kwamfuta yake kallo dare da rana.

Almajirin Garin Malam: Wannan kam da mai shi, Hajiya, kada ki haɗa mu faɗa da alarammomi. Amma ina da abin da zan kawo. Malaman hadisi sun lissafa hanyoyi takwas na ɗaukar ilimi daga malami. Akwai ji daga bakinsa, akwai karanta masa yana saurare, akwai ijaza, akwai kuma mukataba, wato malami ya rubuta wa ɗalibinsa da ke wani gari ya aika masa. Kuma sun karɓi ruwaya ta wannan hanya. Ka gaya wa Baba haka, zai gane cewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ni shawarata a ce karatun mukataba.

Ɗan Birni: Allah gafarta Malam, wannan ya shige ni, wallahi ban san da shi ba, kuma da shi zan fara yi wa Baba bayani. Sai dai matsala biyu. Ta farko, a kasuwar Dole in ka ce mukataba za a ce maka ba a sayar da ita. Ta biyu, ai a Risala, littafin fiƙihu, mukataba ita ce yarjejeniyar da bawa ke yi da ubangidansa ya biya kuɗi kashi-kashi ya fanshi kansa. Ko da yake, yadda nake biyan kuɗin makarantar nan kashi uku, ma'anar ba ta yi nisa ba. Sannan ba rubutu kaɗai muke yi ba. Ranar Asabar malami yana fitowa a bidiyo, muna jin sa, muna yi masa tambaya.

Almajirin Garin Malam: Na sallama. Ashe ka taɓa zama a zaure.

Bakano: Tunda ɗalibin lauya ne, a ce karatun bayan ido mana, kamar yadda ake yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa.

Ƴar Zango: Sai a ce satar amsa kuke yi! Dama can mutane na ganin takardar irin wannan karatu saye ake yi. Kada ku ƙara musu abin faɗa.

Ɗan Birni: Ƙanwata, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wani abokin aikina ya ce mini "mastar ɗin waya". Na yi dariya amma ta ciki na ciki. Jarrabawarmu a zaune ake yin ta, da katin shaida, da mai sa ido. Abin da nake karantawa kuwa shi ne dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya waɗanda ƙasashen Afirka 17 suka haɗu a kansu, har da Nijar, tun yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Port-Louis, babban birnin Mauritius, a 1993. Dokar kafa kamfani da ta karɓar bashi iri ɗaya ce a Dakar da Damagaram, kuma ƙarar da ta wuce kotun ɗaukaka ƙara ta nan kan waɗannan dokoki, kotun OHADA da ke Abijan take nufa. Shi ya sa ma wannan fanni ya dace da irin karatun: malamin Dakar ba ya koya mini dokar wata ƙasa, tawa yake koya mini. Da gado ko iyakar gona nake son ƙwarewa a kai, inda alƙali ke zama da masana al'ada, da sai na nemi dattawan nan gari.

Malamar Hausa: Na karanta duka. Baba Magatakarda ya riga ya nuna hanya, kalmar nesa muke nema. Saura mu zaɓa tsakanin karatun nesa da karatu daga nesa, kuma ba ɗaya ba ne. In aka ce wane yana karatun nesa, kunnen Bahaushe zai ji cewa ya yi tafiya, kamar almajirin da ya tafi gabas. Baba zai sake tambayar ranar tashi. Amma "daga" ita ke tsayar da ɗalibi a inda yake, ta bar karatun ya yi tafiyar. Muna cewa na hango shi daga nesa, na gaishe shi daga nesa, duk mai maganar bai motsa ba. Don haka: karatu daga nesa. In ana son bayyana abin hawa sai a ƙara, ta intanet, ta wasiƙa, ta rediyo. Kishiyarsa, wanda kuke kira «présentiel», karatun gaba da gaba. Darasin Asabar ɗinka darasin kai tsaye ne, wanda aka ɗauka aka ajiye maka kuwa naɗaɗɗen darasi. Ba sabuwar ƙira ba ce, wasu gidajen rediyo na faɗin haka, mu dai mu tsaya a kanta.

Tsohon Magatakarda: Madalla Malama. Saura «droit». Ni shekaru na yi ina jin ana cewa karatun shari'a, amma a garin nan in ka faɗi haka za a ɗauka littafin fiƙihu na Muhtasar kake biyawa. Karatun lauya kuma ya yi kaɗan, don cikin masu takardar nan akwai alƙalai, akwai ma'aikatan banki, akwai irinmu masu riƙe da rajista. Doka ma ba ta cika ba, tunda a Faransanci «loi» daban, «droit» daban, na biyun ya haɗa har da hukunce-hukuncen kotu da al'ada da haƙƙin mutum. Amma in aka ce ilimin doka, ba wanda zai ɓata.

Malamar Hausa: Na yarda da ilimin doka a nan. Ban yarda a kori shari'a gaba ɗaya ba, Baba, don ma'aikatar shari'a muke cewa, ba ma'aikatar doka ba. Wannan sai mun buɗe masa zaure nasa. Mastar kuwa digiri na biyu ne. «Mémoire» kundi, «soutenance» kare kundi.

Ɗan Birni: To ga abin da na ɗauka: ina digiri na biyu a ilimin doka, ɓangaren kasuwanci, ta karatu daga nesa. Jiya bayan magariba na je na faɗa wa Baba haka, na haɗa masa da zancen mukataba na Malam. Ya yi shiru, ya ce wannan ya ji shi. Sai ya ce in malamin ya fito ranar Asabar in kawo masa wayar, yana son su gaisa, ya ba shi amanata. Yanzu wanda zai yi tafinta nake nema, don malamin ba ya jin Hausa, Baba kuma ya ce ban da ni, wai zan rage abin da ba na so a faɗa.