Wace kalma za mu sa wa PPP, tunda "jingina" tana ɓatar da mutane?

Salamu alaikum. Ina neman taimakon malaman Hausa da ma'aikatan gidajen rediyo a kan wata kalma da ta daɗe tana damuna.

A watan Mayun 2023, ana dab da miƙa mulki, majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a ba kamfanin Corporación América Airports filin jirgin Abuja ya gudanar na shekara 20, na Malam Aminu Kano kuma na shekara 30. Ina cikin motar haya aka karanta labarin a rediyo, aka ce za a jinginar da filin jirgin Kano. Wani dattijo da ke gefena ya yi salati ya ce, "Ɗana, bashin nawa muka ci har abin ya kai ga filin jirgi?" Na ce, "Baba, ai ba bashi ba ne." Na yi ta bayani har muka shiga tasha, bai gamsu ba. Ban ga laifinsa ba, abin da kalmar ta gaya masa ke nan. Gwamnatin da ta biyo baya ta dakatar da shirin, amma kalmar tana nan a bakin masu labarai.

Ga abin da ake nufi da PPP, wato public-private partnership a Turance. Gwamnati na da hanya, ko tashar jirgin ruwa, ko filin jirgi. Sai ta ce wa kamfani: kawo kuɗinka ka gina ko ka gyara, ka kula da wurin, ka riƙa karɓar kuɗi daga masu amfani da shi har shekara kaza, in lokaci ya cika ka mayar mana da abinmu. Turawa suna ce wa wannan yarjejeniya concession. A nan ne muke tuntuɓe.

"Haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu" daidai ne a matsayin fassarar PPP, sai dai ya yi tsawo, kuma ya yi zaƙi da yawa. Wanda ya ji haɗin gwiwa zai ɗauka taimakon juna ake yi kamar aikin gayya. Babu inda ya nuna masa cewa direban da ke bin hanyar shi zai biya.

"Cefanarwa" sayarwa ce, an rabu ke nan. Ita ta dace da abin da aka yi wa kamfanonin rarraba wutar lantarki a 2013. "Kwangila" kuwa gwamnati ce ke biya, ko da kuɗin aro ne, ɗan kwangila ya gama ya tafi, kamar layin dogon Kano zuwa Maraɗi da Mota-Engil ke yi.

Sai jingina, wadda ita ce ta fi yaɗuwa, don haka bari in tsaya a kanta. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san jinginar gona. Mutum ya shiga matsi, aure ko rashin lafiya, ya karɓi kuɗi ya ba da gonarsa. Mai kuɗin ya ci gaba da nomawa har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa. Babu ranar da aka yanka. In shekara ashirin ta wuce ba a kawo kuɗi ba, gona tana hannunsa, wani lokaci har magada su taso su tarar da rigimar. Kuɗi ne ke fansar jingina. A tsarin concession kuwa lokaci ne ke kawo ƙarshen magana: ranar da shekarun suka cika, kaya ya koma hannun gwamnati. Ga kuma nauyin addini da kalmar ke ɗauke da shi, don malamanmu sun yi dogon bayani a kan cin amfanin abin jingina in bashin rance ne. Da ka ce an jinginar da hanya, ka jawo mata kunyar talauci da shakkar halacci a lokaci guda, tun mai sauraro bai san sharuɗɗan ba.

Na san wani zai kawo mini hanyar Lekki zuwa Epe. A 2006 Jihar Legas ta ba kamfanin LCC ita na shekara 30, aka fara karɓar kuɗi a tolget a Disambar 2011, jama'a suka yi ta ƙorafi, ba a jima ba jihar ta biya ta karɓe kamfanin. Gaskiya ne, wannan ya yi kama da fansa. Amma ai yarjejeniyar ce ta karye a tsakiya, ba haka aka tsara ta ƙare ba.

"Haya" ta fi kusa, musamman a wurin da aka riga aka gina, kamar tashar kwantenar Apapa da aka ba APM Terminals a 2006. Sai dai ɗan haya ba shi ke gina gida ba. Tashar ruwan Lekki mai zurfi da aka buɗe a Janairun 2023, daga tushe masu zuba jari suka gina ta, za su riƙe ta shekara 45. Ba za a ce musu 'yan haya ba.

Shawarata ita ce "riƙon wa'adi". Kamfanin ya zama "mai riƙo". Babban tsarin gaba ɗaya mu ce "aikin haɗaka", tunda "tarayya" za ta rikice da gwamnatin tarayya.

Riƙo kalma ce da Bahaushe ya san haƙƙinta. Wanda aka ba riƙon yaro ya san ba nasa ba ne, kuma za a tambaye shi yadda ya riƙe. Mai riƙon amana haka. Wa'adi kuma da ka ambace shi, mai sauraro zai ce na shekara nawa? Wannan tambayar ce nake so kalmar ta haifar. Ku dubi MMA2, ɓangaren jiragen cikin gida na Legas da Bi-Courtney ya gina bayan gobarar 2000, aka buɗe a 2007. Shekara da shekaru ana jayayya, hukumar kula da filayen jiragen sama, FAAN, na cewa shekara 12 aka ba shi, kamfanin na cewa 36. Rigimar wa'adi ce tsantsa. Da "haɗin gwiwa" ba za ka iya ba da wannan labari a jimla ɗaya ba.

Na gwada ta a baki. "An ba kamfanin Summa na Turkiyya riƙon wa'adin filin jirgin Diori Hamani na Yamai na shekara 30." "A 2012 gwamnati ta ƙwace riƙon hanyar Legas zuwa Ibadan daga hannun Bi-Courtney." "Mai riƙon hanyar Keffi zuwa Makurdi ya fara karɓar kuɗi a 2025." Duk sun zauna mini a kunne, kuma ina jin da haka aka karanta a rediyo ran nan, dattijon nan zai tambayi shekarun ne, ya tambayi abin da Kano za ta samu.

Raunin da na gani guda biyu ne. Tana kusa da "riƙon ƙwarya", wani zai iya ɗauka na 'yan watanni ne. Kuma ba ta nuna cewa mai riƙo ya zuba kuɗinsa ba. Don wannan na yi tunanin "gina-ci-mayar" ga inda kamfani ya gina daga tushe, irin yadda mai fili a bakin titi ke ba wani ya gina shaguna ya ci haya na wasu shekaru sannan ginin ya zama na mai fili. Malamai, in wannan ciniki yana da suna a garinku, ku faɗa mana, don zai fi nawa. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, me rediyonku ya kira yarjejeniyar filin jirgin Yamai a 2019?