Injin doki 40 a kan tsohon jirgin katako, zai ɗauka kuwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, daga Daura nake. Mahaifinmu ya bar mana jirgin katako a dam ɗin Sabke, da shi muke tsallakar da mutane da buhuna. Yamaha mai doki 15 ne a kai, in an yi lodi sai ya riƙa jan ciki. Yanzu ga na hannu mai doki 40 na samu da rahusa. Jirgin ya kwana biyu, amma ba ya yoyo sosai. In ɗora?

Makanike: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, fara duba nauyi. Mai doki 15 bai kai kilo 40 ba, mai doki 40 ya haura kilo 70, kuma duk a katakon baya zai rataya. Gindin jirgi zai nutsa, hanci ya ɗaga. In ka sauke mai farat ɗaya, igiyar ruwan da ka tayar ta biyo ka ta baya ta afko ciki. Sannan ka auna ƙafar injin, akwai gajera mai inci 15, akwai doguwa mai inci 20. Farantin da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan jirgi. In ƙafar ta yi tsawo, da rani ruwa ya ja baya laka za ka riƙa noma, famfon ruwa ya toshe, inji ya ɗau zafi.

Kafinta: "Ba ya yoyo sosai" ɗin nan ce ta tsaya mani, Malam. Sa sukundireba ka caccaki katakon baya, musamman inda ƙusoshi suke da inda ya haɗu da gefuna. In ya shige da sauƙi, ya ruɓe. Sai an sauya shi da kauri, irin maɗaci, a sa tokara daga ciki, a ɗaure inji da noti mai ratsa katako. Maƙalan hannu kaɗai ba su riƙe doki 40.

Dattijo masunci: Ɗana, jirgin lodi iyakar gudunsa tana ga tsawonsa. Ƙarin ƙarfin injin, fetur kawai zai sha, ya ninka na yanzu har da ɗoriya. Kuma rayukan mutane kake ɗauka. Ni dai 25 zan nema, canjin ya tafi ga rigunan ruwa.

Mai tambaya: Na gode Baba. Sai dai mai injin ya ce ranar Laraba zai ba wani.

Makanike: Bar shi ya bayar. In ranka ya kafe, gobe ɗora buhun siminti a gindin jirgi a madadin ƙarin nauyin mai doki 40, injin yanzu na kai, ka yi lodin da ka saba, ka zauna wurin tuƙi. Ɗauko mana hoton abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin katako.