Man da likita ya rubuta don bushewar fata: abin da muka tattara a Birni

Ranar sunan ɗan ƙanwata a unguwar Birni hirar mata ta koma kan kaushi da faso, don hunturun Damagaram ba ya raga wa fata. Cikinmu akwai wata ma'aikaciyar jinya, kuma yawancin wannan shawara daga bakinta take.

Ta ce a fara wanke hannu, a wanke wurin da ruwa mai ɗumi kaɗan, a dangwale da tsumma mai tsabta ba tare da gurzawa ba, sannan a shafa man gwargwadon yadda likita ya rubuta. Lafta shi da yawa ba ya gaggauta warkewa.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan aro. Wata dattijuwa ta ce ta ba jikarta ragowar nata. Malamar ta ce, "Inna, ƙaiƙayin naki daban, nata wataƙila makero ne ko ƙazuwa, wannan man ba zai taɓa su ba." Ni ma abin ya daɗe yana damuna, musamman masu cakuɗa shi da man bilicin, wanda sau da yawa shi ke sa fatar ta yi siriri tun farko.

Kada man da likita ya rubuta ya taɓa ido, ko ciwo mai jini ko mugunya. In wurin ya kumbura ko ƙuraje suka feso, a daina, a koma asibiti. A duba ranar ƙarewar wa'adinsa, a kuma ajiye shi a inuwa kusa da randa, don zafin Afrilu nan yakan wuce digiri 40.