Tsibiri mai mutum dubu 12, me Chaina za ta ci a wurinsu?

Ɗan Mamobi:

Salamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu bin siyasar duniya. Akwai wata ƙasa wai ita Nauru can tsakiyar tekun Pasifik, faɗinta murabba'in kilomita 21 kacal, mutanenta kamar dubu 12, ko kusa ba su kai mutanen unguwar Nima ta Accra ba. A Janairun 2024 ta yanke hulɗa da Taiwan ta koma wurin Chaina, kwana biyu bayan zaɓen shugaban Taiwan, nan da nan aka buɗe ofishin jakadanci aka ɗaga tuta ana ta murna. To ni abin da ya ɗaure min kai, ƙasa mai mutum biliyan 1.4 me za ta samu a wannan ɗan tsibiri? Mu nan Gana an san abin da ake nema, zinariya ce da koko da mai. Su fa? Ko dai taimako ne saboda Allah?

Malam na Aboabo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Saboda Allah? Ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko ƙuri'a ce. A babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashe 193 ne kuma kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, Nauru ɗaya, Indiya ɗaya, ba ruwan kowa da yawan mutanenka. Tun 1971 aka karɓe kujerar Chaina a majalisar daga hannun Taiwan aka ba Beijing, ita kuma sharaɗinta ɗaya ne, in kana hulɗar jakadanci da ita to ba ka yi da Taiwan. Saboda haka duk ƙasar da ta bar Taiwan riba ce ko da girmanta bai wuce filin ƙwallo ba. Bayan fitar Nauru ƙasashe 12 suka rage wa Taiwan, yawancinsu tsibirai, a Afirka kuwa Eswatini ce kaɗai.

Kuma ba sai ka je Pasifik ba, ga Sao Tome nan a tekunmu, ta bi Taiwan tun 1997 sai a Disambar 2016 ta juya. Ita Nauru ma gwana ce a wannan wasa, 2002 ta koma Chaina, 2005 ta dawo Taiwan, 2024 ta sake komawa. A 2009 ta amince da Abkhaziya da Ossetia ta Kudu a matsayin ƙasashe, yankunan da Rasha ke mara wa baya, alhali kusan duk duniya ta ƙi. Kar kuma a ce Chaina da Rasha ne kawai ke yi. Ku tuna ƙuri'ar birnin Ƙudus ta Disambar 2017, ƙasashe 128 suka ƙi matakin Trump na amincewa da birnin a matsayin babban birnin Isra'ila, 9 kacal suka tsaya da shi, a cikinsu akwai Nauru da Palau da Micronesia da tsibiran Marshall. Da maƙwabtanmu Togo, in ba a manta ba.

Hajiyar Tema:

Malam gaskiya ka faɗa amma ka bar babban abin, wato ruwa. Ni kifi nake sayarwa, abin da na sani zan faɗa. Doka ta ba kowace ƙasa ikon arzikin teku har mil 200 daga gaɓarta, to in tsibiranka a warwatse suke sai kowane ɗaya ya zana maka nasa da'irar. Kiribati ƙasarta murabba'in kilomita 811 ne amma ruwanta ya haura miliyan 3, Gana gaba ɗaya dubu 238 ce da ɗoriya, kai ka yi lissafi. Kuma wannan ruwan cike yake da tuna, irin wanda ake sa wa a gwangwani a nan Tema. Ita ma Kiribati ɗin a Satumbar 2019 ta bar Taiwan, ita da tsibiran Solomon wata guda.

Abin da ya burge ni da su shi ne ba su tsaya jiran sadaka ba. Ƙasashe 8 suka haɗa kai, yarjejeniyar ma sunan Nauru gare ta tun 1982, daga baya suka ce daga yau ba lasisin shekara a farashin banza, kwana za mu riƙa sayarwa, duk jirgin da zai shiga ruwanmu ya jefa koma sai ya biya na kowace rana, mafi ƙaranci dala 8,000, ko na Japan ne ko Koriya ko Amurka ko Chaina, kuma kwanakin ƙayyadaddu ne in sun ƙare sun ƙare. Kuɗin da suke samu ya ninka sau da yawa. Mu fa? Doka ta ce jiragen tirola na 'yan ƙasa ne, amma kowa a bakin ruwa ya san sunan ɗan Gana ne a takarda, kuɗin kuma daga waje. Shekaru nawa aka yi ana saiko, wato jiragen tirola su kwashe ƙananan kifi su daskarar da su falle-falle su sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku, ka buɗe fallen ka ga 'yan mitsi-mitsi da ko yatsa ba su kai ba, waɗanda ya kamata su girma su yi ƙwai. Mai kwale-kwale ya ci bashin man firimis ya kwana a ruwa ya dawo da kwando biyu. Har Tarayyar Turai ta sake ba mu katin gargaɗi a 2021. To da mu da 'yan tsibiri wa ya fi wayo?

Baban Zango:

Hajiya sannu da ƙoƙari. Sai dai ni ban yarda a riƙa yaba su haka ba. Nauru ɗin nan bayan samun 'yanci a 1968 tana cikin mafi arziki a duniya in aka raba kuɗi da yawan mutane, saboda fosfat ɗin da ake yin takin zamani da shi. Turawa suka haƙa, su ma suka ci gaba da haƙa, kusan kashi 80 na ƙasar ya zama ramuka da tsinin duwatsu ba noma ba gini, kuɗin kuma ya bi ruwa. Sun kai Ostireliya kotun duniya, a 1993 aka sasanta a kan dalar Ostireliya miliyan 107. Ƙarshe dai daga 2001 suka karɓi kwangilar tsare masu neman mafaka da Ostireliya ba ta so su taka ƙasarta. Wannan ba wayo ba ne, rashin mafita ne. Mu masu galamse, haƙar zinariya ba bisa doka ba, ya kamata mu kalli hotunan tsibirin nan da kyau. Kuma kar mu yi musu dariya da yawa, mu ma a 2016 mun karɓi mutum biyu daga kurkukun Amurka na Guantanamo.

Kawu Soja:

Yara ku ƙara da na uku, wuri. Ku buɗe taswira ku ga abin da ke tsakanin Hawai da Filifins. Amurka ta gwada makaman nukiliya sau 67 a tsibiran Marshall daga 1946 zuwa 1958, mutanen Bikini da aka kwashe har yau ba su koma da zama ba, kuma har gobe tana da sansanin gwajin makamai masu linzami a Kwajalein. Yarjejeniyar da ke tsakaninsu tun 1986 ita ce Amurka ta ba da kuɗi, ta bar mutanensu su shiga su yi aiki ba biza, ita kuma tsaro nata ne, ba wata rundunar da za ta shigo sai da yardarta. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, shi ya sa kuke ganin ƙuri'arsu haka.

Solomon kuma Amurka ta rufe ofishin jakadancinta a can tun 1993 ba ta waiwaya ba. Da suka sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Chaina a 2022, farkon 2023 ga ofishi an sake buɗewa. Chaina ta gina musu filin wasa na gasar Pasifik ta 2023, Ostireliya ita ma tana ta zuba kuɗi. Ba na zargin shugabanninsu, da sun yi shiru ba wanda zai tuna da su.

Ɗan Mamobi:

Na gode Kawu, na gode Malam da Hajiya. Amma talakan can yana gani a ƙasa kuwa? Don na ji an ƙona unguwar 'yan Chaina a Honiara, babban birnin Solomon, a Nuwambar 2021.

Hajiyar Tema:

An ƙona, kuma akasari mutanen tsibirin Malaita ne suka fito, su shugabanninsu ba su so barin Taiwan ba, ga haushin aiki duk a babban birni yake tsayawa. Filin wasa dai ba ya ciyar da yaro. Baban Zango ni ban ce waliyyai ba ne, kuɗin kwana na ce, shi ba kyauta ba ne balle a zo a ce ka ɗaga hannu a majalisa. Ni tambayata ga masu karatu a nan, me zai hana Gana da Kodebuwa da Laberiya da Senigal su zauna su yanka farashi ɗaya? Ko katan ɗin kifi sai ya ƙara tashi tukuna, don na makon jiya ma da kyar na fitar da uwar kuɗi.