Giraf ɗina na Excel ya jera karatun rana ɗaya a tsaye kamar sanda, ina mafita?

Mai_Sola: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana Excel ku taimaka. Inbata ta shagona tana fitar da fayil na ƙarfin batir duk bayan minti 30, to ina so in ga daidai ƙarfe nawa batirin yake zubewa ne saboda kullum da asuba sai in tarar firiza ta mutu ƙanƙara ta fara narkewa. Na ɗauko na 6 zuwa 12 ga Maris, layin A kwanan wata da lokaci, layin B ƙarfin batir, na zaɓi giraf irin Line. Wallahi abin da ya fito sanduna bakwai ne a tsaye, karatun kowace rana 48 duk sun hau kan juna, kuma abin haushi a ƙasa yana rubuta min Yuni, Yuli, Agusta har Disamba alhali duk a Maris ne. Me na ɓata?

Dan_Lissafi: Wa alaikumus salam. Oga ba ka ɓata komai ba, halin Line ne. Da ya ga kwanan wata a layin ƙasa, mafi ƙanƙantar abin da yake ƙirgawa rana ce, babu ruwansa da awa ko minti, shi ya sa na 6 na safe da na 10 na dare suka tsaya wuri ɗaya. Ka koma Scatter, wanda yake da layi yana haɗa ɗigogin. Shi Excel a cikinsa kwanan wata lamba ce kawai, yana ƙirga daga 1 ga Janairu 1900, misali 1 ga Janairu 2024 shi ne 45292, lokaci kuma gutsuren rana ne, 12 na rana 0.5, 6 na yamma 0.75. Scatter da wannan lambar yake aiki don haka kowane ɗigo zai zauna a gurbinsa. Sai ka danna layin ƙasan sau biyu, wajen Major ka sa 0.25 ya riƙa nuna maka duk awa shida, in kana son kowace awa 0.041667 ne amma rubutun zai cunkushe ba zai karantu ba.

Mai_Sola: Na gode malam, na yi, amma na ƙara da na 13 zuwa 19 sai yanzu ƙasan ya koma 1, 2, 3 har ɗari shida da wani abu, kwanan watan ya ɓace gaba ɗaya 😩

Maman_Ofis: Hahaha wannan ta taɓa cinye min yini guda cur a wajen aiki. Kwamfutarka a tsarin Amurka take, wata kafin rana. Shi ya sa 06/03 ta karanta maka 3 ga Yuni. Da ka kai 13/03 kuwa babu wata na 13, sai ta bar shi a matsayin rubutu, kuma Scatter in ya ci karo da rubutu a layin A sai ya watsar da duka ya kama ƙirga 1, 2, 3. Faɗaɗa layin A ka duba da idonka, na 13 zuwa sama za ka ga sun manne hagu, na farkon sun manne dama. Shiga Region a Windows ka mayar tsarin Ingila, rufe Excel, ka sake buɗe fayil ɗin na asali da inbata ta ba ka. Kar ka ce za ka gyara wanda ka riga ka adana, na 6 zuwa 12 ɗin sun riga sun juye.

Injiniya_Ƙarami: Ƙari a kan na Hajiya, in ya fito ka duba ƙarfe nawa batirin ya fara hawa da safe. In ka ga yana nuna caji tun rana ba ta fito ba to wataƙila agogon na'urar a kan GMT yake, mu kuma awa ɗaya muke gaba, sai ka buɗe sabon layi ka sa =A2+1/24 ka ja ƙasa.

Mai_Sola: Alhamdulillah ya fito! Allah ya saka da alheri Hajiya, matsalar kenan. Agogon kuma daidai yake. Wajen ƙarfe 3 na dare layin yake gangarowa kullum, yanzu saura in gano wa yake jona abu a shagon a wannan lokacin, don yaron da yake kwana ciki ya rantse ba shi ba ne.